Tsakanin fatawa da buhun wake: me ya hana binciken jami'a isa ƙofar talaka?

 

Makonni kaɗan da suka shige, a tsakiyar kaka, bayan an sallame sallar Juma'a mutane sun fara watsewa, wani dattijo ɗan kasuwar hatsi ya tsaya a gefe har sahu ya yi sauƙi, sa'annan ya matso ya ce yana da tambaya. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, mene ne hukuncin mutumin da ya yayyafa wa wake fiya-fiya kafin ya ɗinke buhu, alhali ya san mutane ne za su ci?" Ba mu yi jinkirin amsa ba, domin mas'alar ba mai duhu ba ce. Muka ce masa, "Alhaji, wannan bai halatta ba. Cutarwa ce ga bayin Allah, kuma algus ne, tunda mai saye bai san abin da ke cikin kwanon da aka auna masa ba." Ya sunkuyar da kai na ɗan lokaci, sa'annan ya ce, "Na ji, kuma na yarda. To, Malam, idan na bari, yaya zan yi da buhu 40 da na ci bashi na saya? Kafin azumi ƙwari sun mayar mini da su gari."

A nan bakinmu ya mutu. Hukunci muna da shi, da dalilinsa, da ƙa'idar da aka gina shi a kanta. Mafita ce ba mu da ita. Wanda ya fitar da mu kunya wani matashi ne daga cikin mamu, wanda ya karanta aikin gona a jami'a, yau shekara uku yana zaune ba aiki. Ya nemi izini ya sa baki, ya ce akwai buhun da ke kashe ƙwarin wake ba tare da ɗigon magani ba, kuma a Kano ma ake yin sa. Dattijon ya ce ya taɓa jin labarin a rediyo, amma bai taɓa ganin an buɗe irin wannan buhu a gabansa ba, shi kuwa ba zai ɗora dukiyar mutane a kan labarin rediyo ba. Muka rabu a kan haka. Sai dai tun daga ranar maganar ba ta bar zuciyarmu ba, domin mun ga abubuwa uku a wuri ɗaya waɗanda ba su san juna ba: mai matsala, mai hukunci, da mai ilimin magance matsalar.

A shekarar 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoton da ya nuna mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin 100 na 'yan Najeriya, suna cikin talauci ta fuskoki da dama: abinci, lafiya, karatu, muhalli da aikin yi. Miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. A wannan Arewar kuma babu jihar da ba ta da jami'a, wasu ma biyu ko uku. Kowace shekara dubban ɗalibai suna rubuta kundin bincike, malamansu suna wallafa maƙaloli. Tambayar da ta wajaba a kanmu ita ce: ta wace hanya abin da ake ganowa a can yake zama tuwo a tukunyar talaka? Abin da muka fahimta, bayan bin diddigin labarin wannan buhu, shi ne bincike yana rage talauci ne idan ya fara daga tambayar talaka, ya kuma koma wurinsa da harshen da yake ji, ta hannun wanda ya yarda da shi. Idan ɗayan ƙarshen nan biyu ya tsinke, abin da ya rage takarda ce kawai.

Bari mu tsaya a kan waken, domin a nan abin ya fi fitowa sarari. Babu ƙasar da ta kai Najeriya noman wake a duniya, Nijar ce ke bi mata. Shi ne naman talaka, shi ne ƙosai da alala da ɗanwake, harawarsa kuma abincin dabbobi ce a lokacin rani. Amma yana da maƙiyi wanda ya fi ƙwayar shinkafa ƙanƙanta. Tun a gona macen wannan ƙwaro take ɗora ƙwanta a jikin kwanso, saboda haka manomi da kansa yake ɗauko ɓarawon ya kai shi rumbu. Idan ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar takan huda ƙwayar wake ta shige ciki, ta ci, ta girma, ta fito tana da fiffike, ta bar wannan ramin da kowace uwargida ta sani. Cikin wata guda ko ƙasa da haka an kammala zagaye ɗaya, 'ya'yan kuma sun fara nasu. Don haka buhun da aka ɗinke a Nuwamba yana sheƙi, kafin a shiga bazara sai ka buɗe shi ka tarar da ƙura da wari.

Wannan ƙwaro shi ne ke tsara wa manomi ranar da zai sayar da amfaninsa. Da kaka, lokacin da kowa ya kawo nasa kasuwa farashi ya faɗi ƙasa, a lokacin ne tilas ya sayar, domin ga bashin taki da na feshi, ga tsoron asara idan ya ajiye. Da damina ta kawo kai, gida ya ƙare, sai ya koma kasuwar nan ya sayi waken da tsada, wataƙila ma wanda ya fito daga gonarsa, don ci ko don iri. Ratar da ke tsakanin farashin nan biyu ita ce kuɗin makarantar ɗansa da kuɗin maganin matarsa, kuma duk shekara wani ne yake ɗauke ta. Shi kuwa ɗan kasuwar da ya saya don ajiya, kamar dattijon namu, makaminsa guba ne. An sha jin labarin iyalan da suka kwana asibiti, wasu ma suka riga mu gidan gaskiya, bayan cin wake. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan sinadarin kashe ƙwari da aka riƙa samu a cikinsa, irin wanda ake haɗa fiya-fiya da shi, kuma aka tsawaita dakatarwar a 2016. Abin da Bature ya ƙi bai wa iyalinsa, bai koma rami ba. Mu muka cinye shi.

A shekarar 1987 wani masanin ƙwari daga Jami'ar Purdue ta jihar Indiyana a Amurka, Farfesa Larry Murdock, ya fara aiki tare da masu binciken aikin gona na Kamaru a Marwa, a arewacin ƙasar, inda ƙasa da yanayi da irin noma suke kusan ɗaya da na Borno da Adamawa. Abin da ya ja hankalinmu a tarihin aikin shi ne yadda aka faro shi. Sun shiga ƙauyuka suna tambayar manoma, maza da mata, yadda suke ajiye wake. Suka tarar da masu cakuɗa shi da toka, da masu shanya shi a rana mai zafi, da masu zuba shi cikin duro su toshe baki. Ba su raina ko ɗaya ba. Suka kai kowace dabara ɗakin gwaji suna neman sanin wadda ke aiki, da dalilin da ya sa take aiki, da inda take gazawa. Kakanninmu da suke liƙe bakin rufewa da laka sun san cewa hatsin da aka hana wa iska yana daɗewa. Abin da jami'a ta ƙara shi ne awo: kaurin leda nawa ake bukata, kwana nawa iskar ciki take ɗauka kafin ta ƙare, kuma yaya za a yi talakan da ba shi da kuɗin duro ya samu irin wannan kariya.

Sakamakon shi ne buhu mai ninki uku, wanda daga baya aka sa masa suna PICS. Leda biyu ne masu kauri, ɗaya cikin ɗaya, sa'annan buhun saƙa irin na yau da kullum a waje don ya ɗauki nauyi da gugar ɗauka da saukewa. Ana zuba waken da ya bushe sarai a ledar ciki, a matse iska, a murɗe bakinta a ɗaure, a ɗaure ta biyu daban, a ɗaure buhun waje daban. Shi ke nan. Ƙwarin da ke ciki su ne suke kashe kansu da kansu: suna shaƙar ɗan iskar oksijin da ta rage har ta yi ƙaranci, sai su daina ci, su daina hayayyafa. Binciken da aka ci gaba da yi ya gano wani abin mamaki game da mutuwarsu. Wannan ƙwaro ba ya shan ruwa, kuma waken da yake ci busasshe ne. Yawancin ruwan jikinsa yana samuwa ne daga narkar da abinci da taimakon oksijin. Idan iskar ta yanke, ruwan ya yanke, sai ya mutu da ƙishi a tsakiyar abinci. Tsarki ya tabbata ga wanda ya rataya rayuwar wannan ɗan mitsitsin halitta a kan abin da ido ba ya gani. Leda ta biyu kuwa inshora ce: idan ta ciki ta samu ƙaramar huda, ta wajen tana nan.

Ga inda darasin ya fi ɗaci. Wannan dabara ta kammala tun farkon shekarun 1990, amma sai da ta yi kusan shekara 20 ba ta yaɗu yadda ya kamata ba. An rubuta ta, an wallafa, an gabatar a taruka, manoma kuwa suna ta asara da shaƙar guba. Sai a 2007, da Gidauniyar Gates ta ba da kuɗi, aka fara wani aiki na daban wanda ba na ɗakin gwaji ba: kai buhun ƙasashe 10 na Yamma da Tsakiyar Afirka, cikinsu har da Najeriya da Nijar da Chadi da Gana. Aka nemi masana'antu su riƙa yin sa, ciki har da wata a Kano, aka nemi 'yan kasuwa su kai shi shagunan ƙauye, aka yi shela a rediyo da harsunan mutane. Mafi muhimmanci, malaman gona suka shiga ƙauyuka fiye da 30,000. A kowane ƙauye a taru a gaban mai gari, wasu su kawo wakensu a ɗaure a idon jama'a, a ajiye, a sa rana. Bayan wata huɗu ko fiye a sake taruwa a buɗe, kowa ya sa hannu ya ɗebo ya duba. Hausawa sun ce gani ya kori ji. A Maraɗi, masana irin su Farfesa Ibrahim Bawa suka ci gaba da bin buhunan da ke hannun manoma suna aunawa, har aka tabbatar dabarar tana aiki a kan masara da dawa da gujiya, ba wake kaɗai ba.

Duk wanda ya karanta ƙissar Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya san cewa abin da ya tsirar da Masar daga yunwar shekara bakwai ya haɗa da sanin yadda ake ajiye hatsi a cikin zangarniyarsa, da kuma samun amintaccen da zai tsaya a kan taskokin. Sani da amana tare suka zo. Ba ma so mu wuce gona da iri a yabon buhu. Ɓera yana huda shi idan aka jingina shi a ƙasa, ɗanyen wake yana ruɓewa a ciki, jabu ya cika kasuwa, kuma farashinsa ya fi na buhun gama-gari, ko da yake ana iya sake amfani da shi kaka biyu ko uku idan an kula. Haka kuma bai biya wa manomi bashin da ya tilasta masa sayarwa da wuri ba. Amma ya cire guba daga tukunya, ya kuma mayar wa mai wake ikon zaɓar ranar sayarwa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a rayuwar wanda bai saba da zaɓi ba.

Kada wani ya ɗauka sai daga Amurka ake samun irin wannan. Samarun Zariya ta fara binciken noma tun 1922, ta kuma shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Irin masara da dawa da gyaɗa da wake masu yawa da manomanmu suke shukawa yau daga can suka fito, ko da manomin bai san sunan wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a kansu ba. Bayan cutar da ta kassara noman gyaɗa a 1975, masana irin na Samaru ne suka yi shekaru suna neman irin da zai jure mata. A Disambar 2019 aka amince da wani irin wake mai suna SAMPEA 20-T, wanda Farfesa Muhammad Ishiyaku ya jagoranci aikinsa, mai kare kansa daga tsutsar da ke cinye fure da kwanso a gona, ta yadda manomin da ke feshi sau shida zuwa takwas zai iya tsayawa a biyu. Mun san akwai muhawara a kansa, domin iri ne da aka sauya wa ƙwayar halitta. Wasu suna tsoro don lafiya, wasu don kada manomi ya zama bawan kamfanonin iri. Tambayoyi ne na gaskiya, sun cancanci amsa. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne malami ya hau mumbari ya haramta ko ya halatta bisa saƙon murya da aka turo masa a WhatsApp. Malaman usulu sun karantar da mu cewa ba a hukunta abu sai an suranta shi. Samaru ba ta da nisa. A je a zauna da masu aikin da masu sukarsa, a tambaya har a gane.

Yanzu bari mu juyo ga jami'o'inmu, da girmamawa, domin mu ma 'ya'yansu ne. Tsarin da ake ƙara wa malamin jami'a girma da shi yana ƙirga maƙalolin da ya wallafa da Turanci a mujallun da abokan aikinsa kaɗai suke karantawa. Babu gurbi a takardar ƙarin girma da ke tambayar manoma nawa ne suka canja yadda suke aiki saboda binciken nan. Malamin da ya ɓata wata uku yana zagaya ƙauyuka yana bayani da Hausa ko Fulatanci, a ma'aunin tsarin, ya yi asarar wata uku. Ɗalibi kuma yakan zaɓi maudu'in da zai fi saurin samun sa hannu, ya ɗaure kundinsa da baƙin bango, a jibge a ɗakin ajiya. Ba sau ɗaya ba mun sayi ƙosai muka tarar an naɗe mana shi da shafin wani kundin bincike. Wataƙila wannan ce kaɗai hanyar da binciken ya taɓa haɗuwa da wake. Ba mu manta da halin da malaman suke ciki ba: ɗakunan gwaji babu wuta, albashi ba ya kai wata, ga yajin aikin wata takwas da aka yi a 2022. Amma asusun TETFund, wanda ake tarawa daga harajin kamfanoni, yana ba da kuɗin bincike. Me zai hana a shar'anta cewa duk binciken da ya shafi noma, lafiya ko sana'a, sai an ware wani kaso na kuɗinsa don mayar da sakamakon ga mutanen da aka yi binciken a kansu, da harshensu?

Akwai misali daga wata ƙasar Musulmi da ya kamata masu nazarin tattalin arziki a jami'o'inmu su riƙa tunawa. A shekarun 1950 wani malamin tattalin arziki a Jami'ar Malaya, Ungku Abdul Aziz, yana binciken talaucin ƙauyukan Maleshiya. Ya lura cewa manoma suna ƙin kai kuɗi banki saboda gudun riba, suna ɓoye su a ƙarƙashin matashi ko cikin tulu, sa'annan idan lokacin Hajji ya yi su sayar da gona ko bauna don cika guzuri. Mutum ya dawo da sunan Alhaji, ba shi da abin nomawa. Bai rubuta cewa mutanen nan jahilai ne ba, bai kuma ce su bar Hajji ba. A 1959 ya gabatar wa gwamnati shawarar kafa asusun da za su riƙa tara kuɗin kaɗan-kaɗan, a juya su a kasuwancin halal, a raba musu riba. A 1963 asusun ya fara aiki da mutum 1,281. Shi ne ya zama Tabung Haji, mai miliyoyin masu ajiya a yau. Ya gamu da tangarɗar shugabanci da ta fito fili a 2018 har gwamnati ta shiga gyara, wanda hakan ma darasi ne. Amma tushensa takardar malamin jami'a ce da ya ɗauki addinin talaka da aljihunsa da muhimmanci a lokaci guda. Wane gari ne a ƙasar Hausa ba a san wanda ya sayar da gonar gado ya tafi Makka ba? Sai a 2020 Hukumar Alhazai ta Ƙasa da bankin Jaiz suka ƙaddamar da tsarin adashin Hajji, shekara 57 bayan na Maleshiya.

Wurin da muke ganin mun fi bukatar masu bincike, mu ma'abota masallatai, shi ne zakka da waƙafi. Jihohi da dama, irin su Zamfara da Kano da Sakkwato, suna da hukumomin zakka, ga kwamitocin masallatai da ƙungiyoyi. Kowace shekara ana raba kekunan ɗinki da injinan markaɗe da awaki, a ɗauki hoto, a yi addu'a, a watse. Wa yake komawa bayan shekara biyu ya ga keken yana nan ko an sayar da shi ranar da yaro ya kwanta rashin lafiya? A 2015 wasu masana tattalin arziki, cikinsu akwai Abhijit Banerjee da Esther Duflo waɗanda suka samu kyautar Nobel a 2019, da Robert Osei na Jami'ar Gana, suka wallafa sakamakon bin gidaje fiye da 10,000 na matalauta tuburan a ƙasashe shida, har da Gana da Habasha da Pakistan. An ba wasu gidajen jari, kamar dabbobi ko kayan ƙaramar sana'a, tare da horo, da ɗan tallafin abinci na wasu watanni don kada yunwa ta sa su cinye jarin, da hanyar ajiya, da mai ziyartarsu a kai a kai. Aka kwatanta su da makamantansu da ba a ba su ba. Shekara guda bayan an janye hannu, a yawancin ƙasashen, waɗanda aka ba suna cin abinci fiye da da, suna da kadara da ajiya. A Honduras kuwa abin bai yi nasara ba, domin kaji aka raba, cuta ta kashe mafi yawansu. Masanan ba su ɓoye wannan ba, sun rubuta shi tare da sauran.

Wannan sakamako ba baƙo ba ne ga mai karatun fiƙihu. Malaman Malikiyya sun yi maganar bai wa matalauci abin da zai ishe shi shekara, na Shafi'iyya kuma suka ce mai sana'a a ba shi abin da zai sayi kayan aikinsa ya tsaya da ƙafarsa. Fiƙihu ya faɗi manufa. Amma ko akuya ta fi keken ɗinki amfani ga bazawara a wani ƙauye na Jigawa, ko raba dubu ɗari ga mutum goma ya fi tara ta a hannun mutum biyu, wannan ba a samun sa a littafin fiƙihu; sai an fita an ƙirga. Jami'ar Bayero tana da cibiyar nazarin banki da hada-hadar kuɗi ta Musulunci, tana da cibiyar binciken noma a ƙasashe masu ƙarancin ruwa. Kwamitin zakka nawa ne ya taɓa buɗe musu littafinsa ya ce ku zo ku auna mu? Muna zargin abin da ke hana mu shi ne tsoron abin da awon zai nuna. Alhali dukiyar amana ce, kuma mai riƙon amana shi ya fi kowa bukatar wanda zai faɗa masa gaskiya tun yana da damar gyarawa.

Imamu Gazali, a cikin Ihya'u, ya lissafa likitanci da lissafi da noma da saƙa cikin farillan kifaya, waɗanda idan gari ya rasa mai yin su kowa ya yi laifi, ya kuma koka da garuruwan da suka cika da masu zurfafa mas'alolin saɓani alhali babu likita Musulmi ko ɗaya. Mun karanta wannan a aji, mun amsa shi a jarrabawa. Amma idan muka duba huɗubobinmu na shekara guda, sau nawa muka ambaci abin da zai hana manomi asarar amfaninsa? A ƙauyen da malamin gona bai taka ba shekara biyar, liman yana tsayawa gaban mutane sau biyar a yini, kuma maganarsa tana da nauyin da takardar gwamnati ba ta da shi. Ba muna cewa liman ya zama masanin ƙwari ba, ko a mayar da mumbari wurin tallar kaya. Iyakar abin da muke nema shi ne liman ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, ya kuma ba masu ilimin da ke sahunsa wuri. Matashin nan da ya fitar da mu kunya shekara uku yana salla a bayanmu, ba mu taɓa tambayarsa abin da ya karanta ba.

A Juma'ar da ta biyo baya, bayan salla, muka roƙi jama'a su ɗan dakata a harabar masallaci. Matashin ya yi bayani na minti goma, ya nuna yadda ake hura leda a gwada ko tana da huda, da yadda ake ɗaure kowace ɗaya daban. Dattijon ya kawo wake daga cikin nasa. Aka raba biyu a idon kowa: rabi a buhu mai ninki uku, rabi a buhun gama-gari babu magani. Aka ɗora su a kan katako a ɗakin ajiyar masallaci, aka kulle, mabuɗi yana hannun ladan. Mun sa ranar buɗewa bayan ƙaramar salla, kuma mun aika wa sashen aikin gona na jami'ar da ke kusa da mu takarda muna gayyatar wanda zai zo ya duba tare da mu. Har yanzu muna jiran amsa. Shi kuwa Alhaji, ya ce ya fasa fiya-fiya saboda tsoron Allah, ya sayar da buhu 25 a kan farashin kaka don ya rage bashi, ya juye 15 a sabon buhun. Da muka tambaye shi ko ya gamsu, sai ya ce, "Malam, a bari a buɗe tukuna."